Yadda Ake Fita da Ƙananan Yara a Legas Ba Tare da An Galabaitar da Su Ba

Iyalai da yawa cikin Hausawan da ke zaune a Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende da Alaba Rago suna rayuwa ne a ɗaki ɗaya ko biyu na haya, inda ake tarayya da maƙwabta a madafa da banɗaki, kuma filin da yaro yake da shi na wasa bai wuce ɗan tsukin da ke tsakanin ɗakuna ba, ko bakin titin da ababen hawa suke ta kai-komo. Yaron da ya taso a Kano ko Katsina ko Zariya yana da tsakar gida, yana da ƙofar gida, yana da dandali, amma wanda ya taso a nan sai an ɗauke shi an kai shi inda zai sake ya yi gudu son ransa. Saboda haka nake ɗaukar fita da yara a wannan gari a matsayin haƙƙi da suke da shi a kan iyayensu. Abin da ke damuna shi ne yawancinmu ba ma tunawa da wannan haƙƙi sai ranar Sallah ko washegarinta, wato ranakun da kowane wurin shaƙatawa yake cika maƙil, kuɗin mota ya tashi, a fita da yara cikin sababbin kaya masu kauri a dawo da su da daddare suna kuka, kowa ya ce shi da fita kuma sai baɗi. Ba kasafai wurin da aka je yake ɓata fitar ba. Hanya da lokaci ne suke ɓata ta, kuma daga su ya kamata shiri ya fara.

Tun kafin a zaɓi wuri, a yanke shawarar lokacin da ake son kowa ya kasance cikin gida, sannan a yi lissafin sauran daga nan. A Legas rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6:30 zuwa 7:00 na yamma kusan duk shekara, amma tun daga wajen ƙarfe 4:00 manyan hanyoyi suke fara cushewa, musamman titin Ikorodu, Oshodi, titin Lekki zuwa Epe da Gadar Third Mainland, wadda tsawonta ya kai kilomita 11.8 kuma babu shago ko banɗaki a kanta idan yaro ya ce fitsari ya matse shi. Abin da ya fi dacewa shi ne a karya kumallo a gida, a fita wajen ƙarfe 8:00 na safe, a yi awa biyu zuwa uku a wurin da aka je, a yi sallar Azahar a kama hanya, La'asar ta riski iyali a unguwarsu. Awa uku sun ishi yaron da bai kai shekara biyar ba, kuma duk abin da aka ƙara a kansu gajiya ce da rigima. Wannan lissafi yana nufin wuri ɗaya tak za a je. Kada a ce tunda an fito bari a biya ta gidan goggo a Ketu, a leƙa kawu a Apapa, domin ziyarar dangi fita ce mai zaman kanta da ya kamata a ba ta ranarta.

Safiyar Lahadi ita ce ta fi sauƙin hanya. Asabar da rana gari yana cika da bukukuwan aure da na suna, Juma'a kuwa ga tafiya masallaci ga gosulon ƙarshen mako. Idan yaran suna zuwa Islamiyya a ƙarshen mako, maigida ya nemi izinin malaminsu tun da wuri, kada a koya musu tsallake karatu ba tare da sanarwa ba. Haka nan a yi la'akari da yanayi: ruwan sama ya fi tsanani a watannin Yuni da Yuli, yakan ɗan lafa a Agusta daidai lokacin dogon hutun makaranta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Daga Nuwamba zuwa Maris ruwa ba ya yawa, sai dai zafi da gumi, kuma Disamba wata ne na cunkoso a kowane wurin shaƙatawa. Idan aka wayi gari hadari ya haɗo, a fasa fitar ba tare da jinkiri ba, domin ruwan awa ɗaya yana iya shafe titi ya rufe bakin kwata, babba ma bai san inda yake sa ƙafa ba balle yaro. Saboda irin haka ne ya fi kyau kada a yi wa yara alkawari tun mako guda kafin ranar; a gaya musu da daddare ana gobe za a fita, a kuma haɗa da cewa in Allah ya yarda kuma ba a yi ruwa ba.

Wurin da za a je, ƙaramin cikin yaran ne yake zaɓa wa iyali, ko da bai iya magana ba. Idan akwai na goye ko ɗan shekara biyu zuwa uku, abin da ake buƙata bai wuce ciyawa, inuwa, banɗaki da kusanci da gida ba. Mazauna Agege, Ogba, Ketu da Mile 12 suna da lambunan Alausa a Ikeja, wato na Ndubuisi Kanu da na Johnson Jakande Tinubu, kusa da sakatariyar gwamnatin jiha, inda za a shimfiɗa tabarma yara su yi ta guje-guje iyaye suna kallonsu. Ikeja City Mall ma yana nan kusa idan zafi ya yi yawa ana son a sha sanyi, ko da yake duk wanda ya shiga irin wannan wuri da yara ya san aljihunsa zai ji a jikinsa. Mazauna Obalende da cikin tsibiri suna da lambun Muri Okunola a Victoria Island, da kuma Freedom Park da ke titin Broad, wanda tsohon gidan yari ne na zamanin mulkin mallaka da aka mayar wurin shaƙatawa a 2010. Da rana ya kamata a je shi, domin da yamma yakan koma wurin kiɗa da taron manya, kuma Babban Masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe ba shi da nisa daga nan.

Yaran da suka kai shekara bakwai zuwa sama sun isa a kai su inda za su ƙaru. Gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957, yana ajiye da motar da aka harbe Janar Murtala Ramat Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, da ramukan harsasai a jikinta, kuma daga nan zuwa Dandalin Tafawa Balewa ƴar tafiya ce a ƙasa. Ina ganin bai kamata ɗan Bahaushe ya girma a Legas bai taɓa tsayawa gaban wannan mota mahaifinsa yana ba shi labarin mutumin ba. Sai dai ɗan shekara uku ba zai fahimci komai a nan ba, zai gaji ne kawai ya fara taɓa abin da aka hana taɓawa. Akwai kuma Lekki Conservation Centre, gandun dajin da aka kafa a 1990, mai doguwar hanyar katako da ta ratsa fadama da birai masu yawo a sake, da gadar igiya ta saman bishiyoyi mai tsawon mita 401. Gadar ba ta ƙananan yara ba ce, kuma biran nan sun saba fizge abinci daga hannun mutane, don haka a rufe jaka, kada yaro ya riƙe biskit ko ayaba yana tafiya. Ga wanda zai taso daga Agege ko Alaba Rago tafiyar tana da tsawo ƙwarai, sai an yi sammako, kuma ba zan ba mai jariri shawarar zuwa ba.

Wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne hawan jirgin ƙasa na cikin gari shi kansa fita ce. Jan layi, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2024, yana tasowa daga Agbado ya bi ta Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba zuwa Oyingbo. Shuɗin layi kuwa, wanda ya fara aiki a 2023, yana tafiya tsakanin Marina da Mile 2 a kan doguwar gada da ta ƙetare ruwa. Yaro ya zauna kusa da taga ya ga garin da yake ciki daga sama, a sauka a sha lemo a juyo, ya samu abin da zai yi kwanaki yana ba abokansa labari. A tabbatar da jadawalin tashin jirgin kafin a bar gida, musamman a ƙarshen mako, kuma a sa kuɗi a katin Cowry tun ana gobe, domin da shi ake biyan jirgin da manyan motocin bas na BRT.

Batun abin hawa yana buƙatar a tsaya a kansa. BRT, wadda ta fara aiki a 2008 tsakanin Mile 12 da CMS kuma daga baya aka ƙara layin Ikorodu da na Oshodi zuwa Abule Egba, ta fi danfo, wato ƙananan bas-bas na haya, dacewa da mai yara, saboda tana da hanyarta ta daban a wurare da yawa kuma tana tsayawa sosai kafin a sauka. Idan dole sai danfo, a biya wa yaran da suka tasa kuɗin kujera maimakon a jibge uku a kan cinya, a guji kujerar bakin ƙofa, a kuma gaya wa kwandasta tashar da za a sauka tun da wuri tare da nuna masa akwai yara, don kada direba ya ja mota ƙafar wani tana waje. Wajen shiga, yara su fara hawa babba yana bayansu. Wajen sauka, babba ɗaya ya fara sauka ya karɓe su ɗaya bayan ɗaya. Acaɓa kuwa a bar ta gaba ɗaya. Ko ba don haramcin da gwamnatin jiha ta sa mata tun 2022 a ƙananan hukumomi irin su Ikeja, Surulere, Apapa da Eti-Osa ba, ɗora uwa da goyo da yaro a gaba a kan babur ganganci ne da babu uzurin da zai wanke shi. A cikin keke Marwa, wato adaidaita-sahu, yaro ya zauna a tsakiya. Mai motar kansa ya sa yara a baya ya kulle ƙofofi, kada uwa ta rungume jariri a kujerar gaba, kuma kada a bar yaro cikin mota a rufe ko da na minti biyar ne. Inda duk akwai gadar masu tafiya a ƙasa a hau ta, ko da za a zagaya da nisa. Tsallaka babban titi a irin wannan wuri laifi ne da ake kama mutane a kansa, kuma abin da yaro ya ga mahaifinsa yana yi shi zai yi ranar da ya fita shi kaɗai.

Jaka ɗaya ta goyo ta fi ledoji uku, domin hannun babba na riƙe yaro ne. A sa ruwan sha daga gida fiye da yadda ake zaton za a buƙata, da kayan canji cikakku ga kowane yaro ƙarami, da famfas ko kunzugu, da ledar zuba abin da ya ɓaci, da sabulu, da lema, da zani ɗaya na daban wanda zai yi aikin shimfiɗa ko majanyi ko inuwa. A ɗauki sallaya da ƙaramar buta, domin ba ko'ina ake samun wurin alwala ba. Abinci kuwa a zaɓi wanda ba ya saurin lalacewa a gumin Legas: burodin Agege, dafaffen ƙwai, cincin, dambun nama, ayaba da lemo. Fura da nono ko kunun zaƙi da suka yi awa huɗu cikin jaka a rana sun riga sun juya, kuma yankakkiyar kankana ko abarba ta bakin titi da ƙuda ya sauka a kai tana daga cikin abubuwan da ke jawo gudawa. Jaririn da bai kai wata shida ba nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ba a ba shi ruwa ko da ana zafi; uwar ce za ta yawaita sha ta kuma yawaita ba shi nono. Tufafi su zama na auduga marasa nauyi, takalmi ya zama wanda yaro ya saba da shi. Shadda mai sitati da leshi da sabon takalmi na zuwa Idi ne da gaishe-gaishe, ba su dace da lilo da ciyawa ba.

Ɓatan yaro shi ne abin da kowace uwa ta fi tsoro, kuma yana da wani nauyi na musamman a kanmu, domin da yawa cikin ƙananan yaranmu Hausa kaɗai suke ji, alhali wanda zai tsince su Yarabanci ko Turancin buroka yake yi. Kafin a fita a ɗauki hoton kowane yaro da waya cikin kayan da ke jikinsa, a rubuta lambar wayar uba da ta uwa a takarda a sa masa a aljihu ko a maƙala a cikin riga. Wanda ya kai shekara huɗu a koya masa faɗin sunansa, sunan mahaifinsa da sunan unguwarsu, a kuma nanata masa cewa idan bai ga iyayensa ba ya tsaya cak inda yake, kada ya bi kowa zuwa waje, ya nemi taimakon ma'aikacin wurin ko macen da ke tare da ƴaƴanta. Lambobin gaggawa na Jihar Legas su ne 112 da 767, kuma kiran kyauta ne. Amma abin da ya fi duk waɗannan shi ne a san wanda ke riƙe da wane yaro a kowane lokaci, domin yara sun fi ɓata a inda manya suka yi yawa kowa yana zaton ɗan'uwansa yana lura. A riƙa miƙa amanar da baki. Uwargida ta ce, "Malam, ga ƙaramin nan a hannunka, zan shiga da yayarsa banɗaki," shi kuma ya amsa, "Na karɓe shi," kafin ta juya baya. Kada a ɗora wa yarinya ƴar shekara takwas nauyin ƙannenta biyu a cikin taro. Ita ma yarinya ce da ta zo wasa.

A nan ne nake son magidanta su saurare ni da kyau. Ba daidai ba ne maigida ya sallami iyali da kuɗin mota ya wuce kasuwa, ya bar mace ɗaya da goyo da yara uku a tashar Oshodi, ko kuma ya bi su amma ya zauna gefe yana amsa waya har a tashi. Fita da yara fiye da biyu tana buƙatar manya biyu. Idan aiki ya hana shi, ya nemo ƙanwarsa ko ƙanwar matar ta raka su, ko a haɗa kai da wani gida na maƙwabta a ɗauki shatar mota ɗaya, wanda hakan yana rage kuɗi yana kuma ƙara idanu. Idan kuwa ya samu zuwa, ya ɗauki jaka, ya ɗauki yaron da ya gaji a kafaɗa, ya jagoranci sallah a kan lokaci yaran suna bayansa.

Bakin teku shi ne wurin da yara suka fi roƙon a kai su, kuma shi ne ya fi ko'ina haɗari. Ruwan da ke gaɓar Elegushi da sauran gaɓoɓin Lekki na Tekun Atilantika ne, igiyarsa tana bugowa da ƙarfi kuma idan za ta koma tana janye yashi daga ƙarƙashin ƙafa, har babban da ya iya iyo a kogi ko kududdufin garinsu tana iya kayar da shi ta tafi da shi. Ƙa'idar da ba a sassautawa ita ce ruwa kada ya wuce idon sawun yaro, hannunsa kuma yana cikin na babba, kuma babban yana fuskantar teku. A shimfiɗa tabarma nesa da inda igiya take kaiwa, a bar su su haƙa yashi su tara ƙwanson kifin teku, wanda shi ne ma abin da ya fi ɗaukar hankalinsu. A je da safe, domin daga tsakar rana zuwa yamma kiɗa da shaye-shaye da irin shigar da ba ma son yaranmu su gani suna ƙaruwa. Tarkwa Bay ruwanta ya fi lafawa, amma sai an hau jirgin ruwa kafin a isa, kuma bai halatta a sa yaro cikin jirgi ba sai da rigar kariya daga nutsewa wadda ta yi daidai da jikinsa; ta manya tana zamewa daga jikin ƙaramin yaro. A irin waɗannan wurare a tambayi kuɗin shiga, na ajiye mota, na rumfa da na hawan doki kafin a amince da komai, a kuma tambaya ko ana barin shiga da abincin gida. A riƙe ƙananan takardun kuɗi a hannu, saboda tiransifa takan maƙale daidai lokacin da ake buƙatarta, a kuma ware kuɗin komawa gida a aljihu na daban da ba a taɓawa.

Idan yaro ya fara murza ido, ya ƙi abin da yake so, ko ya nemi a ɗauke shi alhali ya iya tafiya, lokacin tashi ya yi ko da kuɗin da aka biya bai fanshe ba. Da an isa gida a wanke musu hannu da sabulu kafin su taɓa abinci, a yi musu wanka a cire gumi da yashi don kada ƙurajen zafi su feso, a kwantar da su cikin gidan sauro. A sa ido a kansu kwana ɗaya ko biyu. Idan gudawa ta taso a fara ba da ruwan gishiri da sukari nan take. Na ƙunshi da ake sayarwa a kemis ya fi, amma idan babu shi a zuba shafaffen ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, mai shan nono kuma a ci gaba da ba shi. Yaron da ya daina fitsari, ko idanunsa suka faɗa, ko ya ƙi shan komai, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ya yi jijjiga, a kai shi asibiti a wannan lokacin ko da tsakar dare ne. Zazzaɓi kuma a yi gwajin jini kafin a ba da maganin cizon sauro, kada a wadatu da abin da ya rage a kwalba tun rashin lafiyar yayansa.